Ɓarayin Ido a Filin Rawar Blackpool

Idan ƙarshen watan Mayu ya zo, garin Blackpool da ke bakin teku a arewa maso yammacin Ingila yakan cika da baƙi masu tafiya a miƙe sambal kamar sun haɗiye taɓarya. 'Yan rawa ne. Tun 1920 aka fara gasar rawar mace da namiji a zauren Empress da ke Winter Gardens, kuma har yau wanda ya ci a can ya shiga sahun manya. Raye-rayen gasa a duniya goma ne. Biyar ana yin su a riƙe da juna: wals, tango, wals ɗin Biyana, fokstirot da kwikstef. Biyar kuma na Latin ne: samba, cha-cha-cha, rumba, faso dobile da jaib.

A zagayen farko ana zuba 'yan rawa rututu a fili lokaci guda, kiɗa ɗaya, taku kusan iri ɗaya, kuma abin ba ya wuce minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Alƙalai na tsaye a gefe suna rubuta lambar da ke manne a bayan namiji. Wanda ido bai faɗa kansa ba, komai gwanintarsa, sai gida. Shi ya sa kowa ya koyi satar ido, kuma kowane ɓarawo da irin dabararsa.

Na farko shi ne Mai Yaƙen Dindindin. Tun a ɗakin sauya kaya yake ɗaura murmushinsa, ba ya kwancewa sai ya koma masauki. An taka masa yatsa, haƙora a waje. Gwiwar hannun wani ta daki ƙeyarsa, haƙora a waje. Malaminsa ya taɓa ce masa 'yan kallo na son fara'a, shi ke nan ya riƙe. A tango asirinsa ke tonuwa, domin rawa ce ta ɗaure fuska da fizgar kai. Yana fizgar kan yana washe baki, ka rasa gane ko kishi ke cinsa ko tallar man goge baki aka ba shi.

Sai Maƙwabcin Alƙali. Ƙa'ida ita ce a riƙa kewaya fili saɓanin tafiyar hannun agogo, amma shi da ya iso gaban alƙali sai ya kafa sansani. Ya juya masa baya don a karanta lamba, ya zagayo, ya sake juyawa ko ba a gani da kyau ba. Alƙali na miƙa wuya yana leƙen waɗanda ya tare. Abin da bawan Allahn nan bai gane ba shi ne kusanci ba ya ɓoye aibi. Daga nesa rawarsa ba laifi. A nan kurkusa kuwa alƙali na ganin ya sauke diddige inda ya kamata ya taka da yatsu, yana kuma jin hakinsa.

Mai Ture a kwikstef yake baje kolinsa, inda kiɗa ke bugawa kusan sau 200 a minti, ana gudu ana tsalle. A raye-rayen riƙe juna mace takan karkatar da kai hagu, sau da yawa da baya take tafiya, saboda haka duba hanya aikin namiji ne. Gwani idan ya ga cunkoso sai ya canza taku ya zille, ba wanda zai san ya canza. Mai Ture kuwa ya haddace jerin takunsa a ɗakin atisaye inda babu kowa, ya kuma rantse sai ya kai ƙarshe ko da sarauniya ce a gabansa. Ya samu idon 'yan kallo, ba shakka. Kowa na jira ya ga wa zai kwasa.

Uwar Ƙyalli tun kafin a kaɗa take cin rabin gasa. Rigarta na ɗauke da dubban duwatsun Swarovski da aka manna ɗaya bayan ɗaya da gam, gefenta kuma gashin jimina ne. Ta shafe jiki da man da ke duhunta fata, don fitilun zaure na mayar da farar fata fari fat. A nan wajenmu wasu na kashe kuɗi su yi haske, a can ana kashe kuɗi a yi duhu. Kafin a gama wals, farar kwalar abokin rawarta ta koma ruwan ƙasa, gashin jimina na bin ta a fili, masu zuwa a baya na taka shi suna santsi. Ranar da tsinin takalminta ya maƙale a leɓen riga kuwa, ta ci gaba da rawa da ƙafa ɗaya da rabi, ƙyallin bai ragu ba.

Akwai Mai Fuska Bakwai, ɗan rumba. An gaya masa rumba rawar soyayya ce, sai ya kwashe soyayyar duka ya ɗora a fuska. Gira sama, gira ƙasa, baki buɗe, ido a lumshe, ya ciji leɓe, ya dafe ƙirji, ya kalli wata tsohuwa a layin gaba har ta gyara zama. Ƙafafunsa kuwa ba su san da zancen ba. A rumbar gasa kan bugu na biyu ake taka gaba, shi yana takawa a duk bugun da Allah ya nufa. Abokiyar rawarsa, wadda aka ce ita yake so, tun da aka fara bai dube ta ba.

Jarumin Makara a faso dobile ake gane shi. Rawar kwaikwayon wasan bijimi ce na ƙasar Sifen, namiji ne mai faɗa da sa, mace kuma mayafin da yake kaɗawa. Galibi kiɗa ɗaya ake sa musu, España Cañí, kuma yana da wuraren da yake ɗagawa ya tsaya cak, kowa ya san su. A nan ne duk fili ke daskarewa lokaci guda, ƙirji a banƙare, hannu a sama. Jaruminmu sai an gama daskarewa yake isowa a guje, ya zube kan gwiwa shi kaɗai, ya ɗaga haɓa yana jiran tafi. Sauran har sun yi gaba.

Masu Faɗa Cikin Haƙora kuwa sai na layin gaba ke jin su. Fuska a sake, leɓe ba ya motsi, magana na fita.

"Sauke kafaɗarka."

"Ke daina ja na."

"Wa ya ce ka juya yanzu?"

"Yi murmushi, alƙali na kallo."

Da kiɗa ya tsaya sai ya juya ta, ta russuna, ya sumbaci hannunta, su fita a riƙe da juna. Bayan labule a ci gaba daga inda aka tsaya.

Kada a manta da Mai Kiran Lamba, wadda ba ta rawa amma ta fi kowa gumi. A gasar nan an saba 'yan kallo su riƙa kiran lambar gwanayensu da ƙarfi don jawo hankalin alƙalai. Ita tun daga bene take kwarara "74! 74!" har muryarta ta dishe. Sai a zagaye na gaba wani ya raɗa mata cewa lambar ɗanta 47 ce, ita ce ta juya lambobin a kanta. Masu 74 dai sun haye, sun gode.

A ƙarshe abokan rawa bibbiyu, kashi shida, kan rage a fili, kuma a cikinsu da wuya ka ga ko ɗaya daga waɗannan mutanen namu. Waɗanda suka rage kunnensu na kan kiɗa, hankalinsu na kan juna. Namiji ya ɗan jinkirta, mace ta ji a tafin hannunsa ta jira, su cika bugun tare, sai ka ga zaure ya miƙe tsaye da tafi ba wanda ya roƙa. Mai Fuska Bakwai na can bene yana kallo, yana gaya wa na kusa da shi cewa alƙalan bana sun ci hanci.