Kunun da Ya Fanɗare a Jamus

Kewar kunun zaƙi ce ta ja mini, ba komai ba. Karatu ya kawo ni Munik, gero na samu a shagon wani ɗan Gana, citta da kanumfari da masoro kuwa suna cikin ƙunshin da Inna ta yi mini tun daga Tambuwal. Na jiƙa, na markaɗa, na dama rabin ƙullun da tafasasshen ruwa, na haɗa da ɗanyen, ya kwana, na tace. Sanyin ƙasar ya hana shi tsami, sai na narka masa sukari, na ɗura a gorunan roba, na murɗe murfi tam, na jera su jikin hita. Jarrabawa ta zo, na manta da su.

Ranar Juma'a Kawu ya kira ta bidiyo. Limamin unguwarmu ne, kuma tun farko bai so tafiyata ba, wai garin da ake bikin shan giya sama da sati biyu duk shekara ba wurin neman ilimi ba ne. Yana zaure, dattawa kewaye da shi. Na ce yau zan wanke kaina. Na jingina waya da littafi, na ɗauko gora ɗaya, na ji ta yi tauri kamar fatar ganga.

"Kawu, kunun zaƙi na. Ni niy yi shi da hannuna."

Na yi bisimilla da ƙarfi don su ji, na murɗa.

Murfin bai jira na gama ba. Ya ƙwace, ya daki ƙwan lantarki, farin kumfa ya bi bayansa har silin. Na toshe da babban yatsa, ya raba hanya biyu, ɗaya idona, ɗaya kyamara. Sai warin ya taso, irin wanda nake toshe wa hanci a jirgin ƙasa daren Asabar. Nan ne hankalina ya ba ni shawarar da har gobe ban yafe masa ba: na kafa bakina a bakin gorar.

Sabis ɗin Tambuwal da kullum sai an hau tudu ake samu, ranar tangaran yake. Bai tashi sarƙewa ba sai daidai nan. Hoton ya tsaya cak: gora a baki, kai a ɗage, kumfa a gemu, ido a rufe. Murya kuwa tana tafiya lafiya lau. Ina jin wani dattijo yana salati, wani na cewa, "Liman, wanga kunu na da ƙarhi."

Ƙarar ta jawo maƙwabcina, wani tsohon Bajamushe da ke dafa tasa giyar a ɗakin ƙasa. Ya shigo da kofi a hannu, ya shaƙa, fuskarsa ta washe. Ya fara karatu: yis ya ci sukari, ya fitar da iska da barasa, ni kuma na hana iskar hanya. Nan gaba in sa murfi mai ƙofar numfashi, in nisanta shi da hita, ɗumi digiri 20 ya wadatar. Na ce masa da girman Allah ya yi shiru, limami ne a waya. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, in gaya wa malam ya kwantar da hankalinsa. Dokar Bavariya ta 1516 abu uku kawai ta sani a giya: ruwa, sha'ir da furen wani tsiro mai ɗaci. Babu gero a ciki. Saboda haka a shari'ance wannan ba giya ba ce.

Daidai nan sabis ya dawo. Tsoho ya ga rawani, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga wa Kawu kofinsa cikin ladabi.

Kawu ya daɗe yana kallonmu. Ya ce, "In ka ƙare, ka kirai ni."

Jiya labari ya isa har Kebbe, maƙwabciyar Tambuwal, cewa na buɗe kamfani, har na ɗauki Bature aiki.