Ranar da Na Tuƙa Jirgi a Kan Soro

Shirwa ce ta ja mini. Kullum da hantsi in na zauna a ƙofar gidana a Batagarawa sai in ga tana kewaya sama ba ta ko kaɗa fiffike, har wata rana na ci karo da bidiyon jirgi marar inji a waya. Ashe dabararsu ɗaya: rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta yi sama, tsuntsu da jirgi su hau ta kyauta. Matuƙin irin wannan jirgi ba mai, ba inji, jarinsa kaf iya karatun gajimare ne. Kwana uku ina kallo, a na huɗu na naɗa wa kaina rawanin malanta.

Na samo karan dawa da kwalin taliya da zaren ɗinkin uwargida, ni da autana muka haɗa jirgin da sai an karkata shi yake fita ta zaure.

Ranar gwaji ƙarshen watan Mayu ne, bayan la'asar, gari kamar bakin tanda. Uwargida ta ce, "Malam, tunda soro za ka hau, ka sauko mini da shanyar kuɓewata. Na ji a rediyo NiMet ta ce akwai ruwa." Na ce mata su suna Abuja, ni kuwa ga ni ga sararin.

Ina hawa, tsohon maƙwabcina da ke gyaran ƙotar fartanya ya ɗago kai. "Malam, sauko. Iska ta ɗauke cak, gabas kuma ta haɗe rai." Na gyara tsayuwa na yi masa lacca daga sama: "Baba, farin gajimare mai shimfiɗaɗɗen gindi alamar iska mai ɗagawa ce." Kuma gaskiya na faɗa. Illa dai akwai darasi na biyu da ban kai gare shi ba, don data ta ƙare. In gajimaren ya yi tsiri, kansa ya baje kamar uwar maƙera, matuƙi mai hankali ƙasa yake nema. A 2007, a Ostareliya, irin wannan hadari ya zuƙe Ewa Wisnierska da laimar shawaginta har kusan mita 10,000, ta suma a can, ta sauko da rai jikinta duk ƙanƙara. Sannan kafin ruwa ya iso, iska mai sanyi ke fara zubowa daga cikin hadarin, ta turo ƙura a gaba. Baba bai taɓa jin sunan Ewa ba, amma wannan iskar tun yana yaro ya san ta.

Ita ta same ni. A yi adalci, jirgin ya tashi, har ma bai jira na sake shi ba. Hulata ta bi shi. Sai na ji wani ƙara a ƙasa, na leƙa, tsani ya kwanta. Auta kuwa tuni ya tsere ɗaki.

Na yi ta kwarara kira, kwanon rufin maƙwabta na ta kiɗa, ba mai ji na. Walƙiya ta keta, na tuna cewa ni ne abu mafi tsawo a wajen, na durƙushe. Ruwa ya sauko. Mai karatu, ka taɓa tunanin abin da busasshiyar kuɓewa tiya biyu ke zama in ta jiƙe? Soron nan ya koma tukunyar miya. Duk yunƙurin da na yi sai yauƙi ya sulala ni wajen indararo, na rungume zanko ina salati.

Sai gab da magariba Baba ya kafa tsanin. Ya riƙe mini har na dira, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Sannu da sauka, direba."

Da safe aka tsinci jirgin a garken awakinsa, sun cinye fiffiken sun bar kara. Wata guda cur miyar kuka muka sha a gidan, yaran unguwa kuma har yau Kyaftin suke kira na.