Kashta da Mutanenta

Da zarar Disamba ta kama, sanyin nan na kwana 40 da mutanen Najadu ke kira Marba'aniyya ya sauko, sai wani ciwo ya bi gidajen Riyad ɗaya bayan ɗaya. Sunansa kashta. Alamarsa ita ce mutum da hankalinsa ya bar ɗaki mai bango da bargo da banɗaki, ya loda darduma da tukunya da yara a mota, ya tafi jeji ya zauna a ƙasa yana murna. Shekarata ta farko dariya na riƙa yi wa masu yi. Mu da muka tashi ana aikenmu itace muna ƙunƙuni, a ce wai mu haɗa kuɗin mai mu je kallon magarya? A shekara ta uku ni ne mai karɓar kuɗin.

Wanda ya san unguwarmu Al-Ud ba zai ga laifinmu ba. Tsohuwar unguwa ce kusa da Batha da Manfuha, lunguna a matse, gini ya jingina da gini, kowane yare na duniya kana jin sa a bakin shagon mai burodin tamis. Babban filin da muke da shi maƙabarta ce, inda Sarki Abdul'aziz da 'ya'yansa Faisal da Khalid da Fahad da Abdullahi suke kwance, ko suna babu a kan kabarinsu, Allah ya jiƙansu. Maƙwabtan kirki ne, amma ba can za ka kai yara ƙwallo ba. Don haka ranar Juma'a da Asabar mai ƙaramin ƙarfi yakan lallaɓa Lambun Salam mai dabino da tafki, wanda ya ɗan fi shi ya gangara Wadi Hanifa ko Namar. Masu dogon buri irinmu kuwa sai Raudar Khuraim, wadda ake wa laƙabi da Dajin Sarki, wajen kilomita 100 arewa maso gabas ta hanyar Rumah. A sansaninsa na can ne Sarki Abdullahi ya karɓi Obama a 2014, kuma ba a taɓa yin tafiyar nan ba tare da wani a mota ya tuna mana da hakan ba, kamar shi ya zuba musu gahawa.

Tun kafin a tada mota za ka gane Sarkin Hanya. Ba wanda ya naɗa shi. Yana tsaye a ƙofar masallaci yana juya makulli a yatsa. "Ku kashe taswirar wayar nan, ku dai ku biyo ni. Hanyar nan ko ido rufe." In ka bi diddigi, sau ɗaya ya taɓa zuwa, shi ma a kujerar baya yana barci. A kan kwalta ba shi da laifi. Inda kwalta ta ƙare ne zai hango wata 'yar yanke ta gefen yashin Dahna, ya kutsa da tsohuwar Camry ɗinsa kamar mai shiga zauren gidansu. Taku ashirin mota ta zauna. Ya ƙara wuta, ta ƙara nutsewa har ciki. Sai mu fito, manya da yara, muna turi, taya na watsa mana yashi a baki. Can wani saurayi ɗan ƙasa zai tsaya da Land Cruiser, domin a wajensu abin kunya ne a wuce wanda ya maƙale, faza'a suke ce wa irin wannan ɗauki. Ya durƙusa ya rage iskar tayoyin, ya ɗaura igiya, ya fizge mu, ya ƙi karɓar ko sisi. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Sarkin Hanya zai kakkaɓe riga ya ce, "Ai dama iskar nake shirin ragewa."

Hajiya Uwar Kaya kuwa tun Laraba take shiri. Balarabe zai fita da shinkafa da nama da tukunyar kabsa guda, da butar gahawa da dabino, shi ke nan. Hajiya ba ta san wannan ƙarantar ba. Kula uku: ta tuwo, ta miyar kuka, ta ukun ba mai sanin cikinta sai an isa. Ga filas na kunun gyaɗa, ga robar yaji, ga kilishin da aka aiko mata daga gida tana ɓoyonsa kamar sarƙar gwal, ga man shanu a kwalbar da aka naɗe da leda bakwai. Da idona na gan ta tana cusa ƙaramin turmi a ƙarƙashin kujerar direba. Maigidan ya ce, "Haba Hajiya, kwana ɗaya ne fa." Ta ce, "Baban Ummi, in yaran nan suka ce yunwa a tsakiyar daji, kai za su ci?" Bai ƙara magana ba. Yara huɗu suka yi tafiyar nan da tukwane a cinya. Aka isa, aka shimfiɗa, aka zuba gawayi a murhun ƙarfe, aka buɗe naman da ya kwana cikin kayan ƙamshi, sai aka shiga kallon-kallo. Babu ashana. Haka muka tura autanmu tantin wasu 'yan Sudan roƙon wuta. Amma a faɗi gaskiya, ban taɓa cin abinci a fili mai daɗin na Hajiya ba, kuma masu gunaguni a mota su ne na farkon miƙo kwano neman ƙari.

Sai Baba Mai Raina Daji. Dattijo ne, ya fi shekara talatin a ƙasar nan, amma har yau mudunsa na gida ne. Zai sauko daga mota ya riƙe ƙugu, ya dubi raudar daga wannan gefe zuwa wancan, ga magarya, ga itatuwan ƙaya da Larabawa ke kira talha, ga ciyawa shar in an dace da ruwa, ya ce, "Wannan ne dajin? Wannan ai bayan gidanmu ne a Dutsin-Ma." Daga nan sai lissafi: Falgore, Yankari da giwayenta da ruwan ɗumi na Wikki, Rugu da in ka shiga sai ka manta da rana. Ba ƙarya yake ba. Abin da ake kira rauda a nan kwari ne da ruwan sama ke gangarowa ya kwanta a ciki, ya jiƙa ƙasa har itace ya samu na rayuwa, a yankin da ruwan shekara bai taka kara ya karya ba. Wata rana dai wani yaro da bakinsa ba ya da linzami ya ce, "Baba, yaushe rabon wani ya kai iyalinsa Rugu ya shimfiɗa tabarma?" Wuri ya yi tsit. Kusan kowa a cikinmu yana da ɗan'uwa ko maƙwabcin da dajin can ya ci wa gona ko shanu, ko abin da ya fi haka. Baba bai amsa ba, ya tashi ya yi cikin itatuwa. Da lokacin la'asar ya yi aka same shi a gindin magarya, aljihu fal, yana tauna yana tofar da ƙwallo, wai ba ta kai ta gida zaƙi ba.

Sallar ma tana fito da nata mutumin, sabon zuwa, wata biyu da sauka. A cikin gari masallaci ya ɗauke masa tunanin alƙibla, amma a fili sai jinin gida ya motsa. Ya dubi rana ya ba ta baya, ya shimfiɗa sallaya ya kalli gabas yadda kakanninsa suka yi. A ce masa, "Malam, juyo, Makka tana yamma da mu." Ya yi murmushin wanda ya gane ana so a yi masa wayo. "Yamma? Sallar?" Sai an fito da waya uku, kowace da kibiyarta, sannan zai juya, kuma har a sallame kana ganin wuyansa bai yarda ba.

Akwai biyu da kullum a mota ɗaya suke zuwa kuma ba sa jituwa, Malam Tara da Ɗan Itace. Saudiyya ta hana saran itatuwan jejinta da cinikin itacensu. Itace da gawayin da za ka saya hankali kwance na waje ne, kuma akwai jami'an tsaron muhalli da ke sintiri, tararsu ta dubban riyal ce. Haka hura wuta inda ba a yarda ba, haka taka ciyawa da mota. Raudar kanta tana cikin gandun sarauta na Imam Abdul'aziz bin Muhammad, cikin waɗanda aka ware a 2018. Malam Tara ya haddace wannan duka, hannunsa kuma ba ya barin aljihun da igamarsa, wato katin izinin zamansa, take. Yarinya ta tsinko fure, ya daka mata tsawa, "Ajiye! Albashin ubanki ne a hannunki." Ya hango farar mota daga nesa, ya miƙe tsaye ya gyara hula, alhali bai yi komai ba. Ɗan Itace kuwa in ya ga busasshen reshe kwance sai idonsa ya kawo ruwa. Ya zagaya shi, ya taɓa shi da ƙafa, ya ce, "Kai, wannan a gida da ya dafa tuwon suna." Ya sake zagayowa. "Ai ya riga ya mutu, ba ni na kashe shi ba." Malam Tara ya ce, "To ka ajiye wannan bayanin, za ka buƙace shi." Malam Tara yana ɓata mana shaƙatawa, amma ni ina bayansa. Birnin da ya ɗaura aniyar dasa itace miliyan 7.5 tun 2019, kowanne sai an kai masa ruwa har gindi, ba zai yi wasa da mai gatari ba.

Mai Ƙirga Taku ba ya zama. Likita ya ce masa 10,000 a rana, sai zagaye yake yana duba agogo, ya dawo ya ci tuwo malmala uku. Mai Hoto kuwa bai ga dajin ba sam, ta gilashin waya ya leƙe shi, kuma kafin magariba duk danginsa na Maraɗi sun ɗauka gonar tasa ce.

Wanda nake jira kowace shekara shi ne Mai Ƙaryar Sanyi. Da rana ana ɗaukar barguna yana dariya, riga ɗaya ce a jikinsa, shara-shara. "Ni da na yi makaranta a Jos? Wane sanyi Larabawa za su nuna mini?" Jejin Najadu ba ya gardama da rana. Sai ta faɗi, iska ta taso daga yashi, sanyi ya fara shiga ta tafin ƙafa. Wajen ƙarfe tara za ka ga mutumin Jos ya matso murhu har gefen wandonsa na ƙauri. Ƙarfe goma ya daina magana saboda haƙora na kaɗawa. Sha ɗaya ya shige farwa, jibgegiyar rigar nan mai gashi a ciki, aron Baba, hancinsa kaɗai ake gani. Da asuba in ka tambaye shi ya kwanan sanyi, zai ce ai zazzaɓi ne dama yake ji tun daga gida.

Ci-ma-zaune ba sai na bayyana shi ba, kun san shi, yana kowace tafiya. Bai ba da kuɗin mai ba domin "canji" bai samu ba, bai riƙe igiyar tanti ba saboda bayansa, amma ya san naman bai ji gishiri ba. Kishiyarsa wani yaro ne shiru-shiru da ba na jin an taɓa gode masa. Shi ya kafa tantin, shi ya wanke tukwanen Hajiya da ruwan jarka mai ƙanƙarar sanyi, kuma lokacin da kowa ke rige-rigen kujerar gaba shi ne ke bin wurin da baƙar leda yana tsince robobi da ƙasusuwa, har ya zuba ruwa a toka. In an raba kilishi, nasa ne ɗan guntun ƙarshe.

Za ku ce ni wanne ne a ciki. Matata ta ce in rubuta cewa akwai wani mai zama a kan kula da littafi a hannu yana kallon mutane, ko cokali bai taɓa ɗagawa ba, wai aiki yake yi. Na rubuta.

Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu za mu sake fita bayan an sauko daga masallaci. Haɗuwa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Al-Ud, kuɗin mai a hannuna, ba bashi. Sarkin Hanya ya ce ya gano wata sabuwar yanke. Duk mai zuwa ya taho da igiya da ashana.