Tela Maƙaryaci, Mu Kuma Waliyyai

Mu dai mutanen Gaya da Ajingi, in ana neman abin da ya haɗa kanmu, daga mai rawani har mai tallan rake, to zagin tela ne. Siyasa ta raba mu, ƙwallo ta raba mu, amma da wani ya buɗe baki a majalisa ya ce telansa ya cuce shi, sai ka ga kowa ya gyara zama, kowa da nasa tabon. Ba mai tambayarsa yaushe ya kai ɗinkin. Ba ma tambaya, don amsar ta shafe mu duka.

Ai mu ne za mu sayi yadi tun Rajab, mu ninke mu cusa ƙasan akwati mu yi zamanmu. Azumi ya kama, goma na marmari su wuce, goma na wuya su wuce, sai an tsunduma goma na ɗokin Sallah za ka ga magidanci ya ɗauro ƙunshi a bayan babur daga Toranke ko Kademi, nasa da na yara da na ɗan riƙo, yana cewa, "Malam, taimako za ka yi don girman Allah." An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar tafiyar muke shuka duman. Shi ma telan, ga tsibin kaya ya kai rufin shago, ga wuta babu, ga man janareta ya yi tsada, amma bakinsa bai iya a'a ba. "Ajiye, Alhaji, jibi in Allah ya yarda." Ya san ba gaskiya ba ne, kai ma ka sani, ku yi musabaha kowa ya kama gabansa.

Wajen awo kuwa sai dai Allah ya yafe mana. Tela na zagayo da tef, dattijo zai haɗiye numfashi ya shafe tumbi, in riga ta fito ta kama shi ya ce an sace masa yadi. Na yara ba a ma aunawa. "Ƙara masa tsawo, yaro girma yake." Shi ya sa filin idi ke cika da yara masu sharar ƙasa da wando, an yi masa kalmasa mai faɗin tafin hannu da niyyar a warware baɗi, baɗin kuma ta tarar gwiwa ta riga ta huje. Iyayenmu mata su ma ba a bar su a baya ba. Za a aiko yarinya da atamfa yadi shida, da hoto a waya na wata amarya 'yar Abuja, da tsohuwar riga a matsayin awo, rigar da aka ɗinka kafin haihuwa uku. A ciki ake son riga da siket da ɗankwali, a fitar wa jaririya 'yar riga, sannan a dawo da ƙyallen da ya rage. Ƙyallen nan ba abin da muke yi da shi, amma a hana mu shi a ga shari'a.

Shadda kuma duk wanda ya dawo daga Kantin Kwari gezna ya sayo. Ita gezna ta ainihi a Ostiriya ake saƙa ta, kuɗinta kuma ba na wasa ba ne, amma ban taɓa jin wanda ya ce tasa 'yar China ce ba. Sai wanki na biyu ya tona.

Ga wani abin kunya da ba mu cika faɗa ba. Garin Gaya da maƙera ya yi suna. Labarin Bayajida ya ce a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu a Daura, kuma Abagayawa da suka fara zama a gindin Dala suna haƙar tama daga nan aka ce suka tashi. Yau jikokin maƙeran nan, maɓalli ɗaya ya cire, sai an aika gida uku aron allura, a samu allurar babu zare, a samu zaren babu mai idon zura shi. Ƙarshenta a jira mai ɗinkin tafi-da-gidanka ya biyo layi da kekensa a kafaɗa yana kaɗa almakashi.

Amma inda halinmu ya fi fitowa fili shi ne wajen aikin hannu. Kowa cikinmu masani ne. Babban mutum ya shigo ɗaurin aure da babbar riga, mu da ke sahun baya mun bar sauraron waliyyai mun koma karatun aiki: wannan aska takwas ce ko aska biyu, tambarin baya ya zauna daidai, linzamin wuya ya kwanta ko ya tashi. Wani har ya faki ido ya juya bakin rigar ya duba ciki, don a bayan aiki ake gane na hannu da na inji. Kuma mun san wahalar da ke ciki sarai. Sai mai zane ya fara fitar da fasalin a kan aljihu da alƙalami da tawada, sannan mai ɗinki ya zauna a zaure ko gindin bishiya, ƙyalle a kan gwiwa, yana cike zanen huda bayan huda, sati ya bi sati har wata ya bi wata, in an gama a haɗa rigar a kai wa mabuga su buge ta ta yi ƙyalli. Zaren tsamiya da manya ke alfahari da shi daga gidan wata tsutsa ake samunsa, sai an dafa an kaɗa kafin ya shiga allura. Haka matan da ke cikin gida suke duƙufa a kan hula guda, tsakanin girki da raino, har ido ya fara yaji.

To duk wannan sani namu, da an faɗi kuɗi sai mu yi salati. "Haba, zinari ne?" Mu taya rabi, mu ce albarka ake nema, mu sulale wajen mai injin kwamfuta ya watsa mana aiki cikin yini guda, mu fito muna cewa aikin yanzu ba ya ƙarko. Mu ne masu cewa araha ba ta ado, mu ne kuma masu layi a ƙofarta. Da aka ba Gaya masarauta a 2019, ba wanda bai tuno kakansa ya taɓa riƙe linzamin wani hakimi ba, kowa na son riga ta shiga fada, amma ta hannu guda ɗaya ce a zuri'a, ita ke zagaya ɗaurin aure daga wa zuwa ƙane zuwa suruki, kowa na saɓa hannunta a kafaɗa yana taku ɗai-ɗai. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji masu magana, amma babbar riga ta ƙaryata su, ba wanda ba ta rufewa.

Daren Sallah a shagon tela ake raba dare. Masu jira sun cika benci, wani na hura gawayin dutsen guga da kansa, wani na sa wa rigarsa maɓalli da fitilar waya, shi da ya ce bai iya zura zare ba. Da asuba a miƙo maka riga babu wando, ka haɗa da na bara, ka rantse da girman Allah ƙafarka ba za ta sake taka shagon ba. Bayan sati biyu ka je karɓar wandon, ya buɗe littafi ya nuna maka cikon kuɗin Babbar Sallar da ta wuce, ka shafa aljihu ka ce masa jibi in Allah ya yarda.