Rabe-raben Mahalarta Bitar Haɗa Kaya

Fasahar haɗa kaya, wadda masu tsokana kan kira gamin gambiza, ita ce salon da mai zane yake tara fenti da ƙyalle da yashi da waya a kan allo ɗaya, ya kama su da gam har su zama aiki guda. A Najeriya, ɗaya daga cikin fitattun wuraren da ake gwada salon a cikin taro shi ne Bitar Hunturu, wadda Bruce Onobrakpeya, tsohon ɗalibin kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ya kafa a Agbarha-Otor ta jihar Delta a 1998. Duk inda aka yi irin wannan zama, mahalarta sukan kasu gida biyar, kuma kusan kowanne yana da gwanin da yake fakewa da sunansa domin halatta halin da ya taho da shi tun daga gida.

Na farko shi ne ɗan jari-bola, wanda yake iso zauren da buhu cike da gwangwanayen madara da karyayyun silifa, yana kafa hujja da El Anatsui, mutumin Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, wanda ya ɗinke marafan kwalabe da wayar jan ƙarfe suka zama kamar manyan zannuwa. Bambancin kawai shi ne, a wurin wannan almajiri tarawar ce aikin, domin ana tashi daga bita buhunsa ya ninka, allonsa kuwa fari fat.

Na biyu shi ne mai jiran tsautsayi. Wannan ya ji labarin cewa a 1967 ruwan asid ya cinye wa Onobrakpeya farantin da yake sassaƙa zane a kai, ya cike ramukan da gam ɗin Araldite, daga nan ya gano sabuwar dabarar buga zane. Tun daga ranar ya ɗauka cewa ɓarna ita ce ƙofar basira, saboda haka yakan ajiye kofin shuni a bakin tebur, daidai inda gwiwar hannun maƙwabcinsa take kaiwa, idan ya kife sai ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Abin da ya tsallake a labarin shi ne shekarun da mai asid ɗin ya kwashe yana aikin hannu kafin tsautsayin ya same shi.

Ta uku ita ce mai ƙirgen tsakiya, wato ƙananan duwatsun ado, wadda take bin sawun Jimoh Buraimoh na Osogbo, da ya shahara wajen jera su a jikin zane. Takan ware su launi-launi a cikin marafan kwano, ta manna guda bakwai kafin azahar, kuma duk wanda ya yi atishawa kusa da ita ya ɗauko wa kansa gabar da ba ta ƙarewa sai ranar sallama.

Na huɗu shi ne malamin baki, wanda rigarsa ba ta taɓa sanin ɗigon fenti ba. Yakan goya hannu a baya, ya bi tebur-tebur yana tunatar da jama'a cewa tun 1912 Picasso ya manna ƙyallen shimfiɗa a kan zane ya kewaye shi da igiya, alhali shi ko murfin gam ba ya iya buɗewa sai an taya shi.

Na biyar, wanda shi kaɗai ne ba ya jingina da sunan kowa, shi ne ɗan aro. Yakan zo da fara'a da hannu biyu, ya ce a ɗan sam masa gam, a ara masa almakashi yanzu-yanzu zai dawo da shi, ya tsinci gwangwani biyu daga buhun na farko, ya dangwali shunin da na biyu ya zubar, ya share tsakiyar da atishawa ta watsar, har sunan da zai raɗa wa aikin ma daga bakin malamin yake tsintarsa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, sai dai a wannan fage yana rufe allo tsaf, domin a ranar baje koli aikinsa ne kaɗai ya cika sharaɗin haɗa kaya kamar yadda aka bayyana shi tun farko. A gabansa baƙi suke tsayawa suna tambayar farashi, a bayansu kuma sauran huɗun suna tsaye cirko-cirko, kowa yana nuna kayansa da yatsa, yana lissafin kason da ya kamata ya faɗo masa.