Ana Ga Mota, Kana Ga Ƙura: Ire-iren Masu Koyon Zamiya a Bayan Kasuwar Artisan

Ranar Lahadi a Inugu masu gari suna coci, ciniki ya kwanta, tirelolin albasa da tumatir sun juye kaya, dillalan awaki na gyangyaɗi a rumfa. A irin wannan rana ce samarinmu na Kasuwar Artisan ke zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wani fili mai jar ƙasa a bayan gari, inda babu gida babu mai talla, don koyon abin da su ke kira dirif, iyayensu kuma ke kira hauka. A Kano da Sakkwato wasan mota ake cewa. Ni zamiya nake kiransa, don aikin ke nan: a sa tayoyin baya su saki ƙasa da gangan, ƙugun mota ya fita gefe, direba ya riƙe ta a haka har ta gama kwana, hancinta na kallon gabas tana tafiya kudu.

Abin yana da sharaɗi. Sai motar da injinta ke tura tayoyin baya, kuma an fi son marar nauyi, tsohuwa, wadda in ta daku ba za a yi zaman makoki ba. Shi ya sa Marsandi 190, da aka daina ƙerawa tun 1993, da tsofaffin BMW, da Fijo 504 da 505 suka sake yin farin jini bayan tsufa, kamar bazawarar da ta ci gadon gida. Na yi Lahadi da dama a bakin filin nan. Ban koyi komai ba sai shaƙar ƙura, amma na gane mota ba ta rufa wa kowa asiri. Halin da mutum ya shekara goma yana ɓoyewa a kasuwa, kwana ɗaya ke tona shi, kuma ba kwanan barci nake nufi ba.

Shehin Waya

Ba shi da mota, ba shi da lasin, keke ma sai an riƙe masa. Amma ya sauke ilimin zamiya kaf a YouTube. Shi zai gaya maka a hanyoyin tsaunukan Japan aka raini wasan, sarkinsa kuma Keiichi Tsuchiya ne, da wata 'yar Toyota Corolla AE86 da aka ƙera daga 1983 zuwa 1987, wadda nauyinta bai cika tan ɗaya ba. Ya san har a fim ɗin Tokyo Drift na 2006 mutumin ya leƙo a matsayin mai kamun kifi. Abin haushin, duk gaskiya yake faɗa. Yana tsaye a inuwa, hannu a ƙugu, yana zuba fatawa: "Ka makara da sitiyari! Wa ya ce ka saki kuloci yanzu?" Ranar da aka gaji aka miƙa masa makulli, sai ya tuna bai yi la'asar ba.

Ɗan Alhaji

Wannan yana da mota, amma sai Alhaji ya tafi Anaca karɓo kuɗin kaya. Mai kaza a aljihu ne: ido ɗaya a fili, ido ɗaya a waya, kowace ƙara ya ji sai gabansa ya faɗi. In an tashi, wanki uku yake yi wa Marsandin, domin jar ƙasar Inugu 'yar tsegumi ce, kowane lungu ta shiga sai ta ba da labari. Wanki kuwa ba ya mayar da ƙaya a jikin taya.

"Kai, zo nan. Tayoyin bayan nan ba watan jiya na saye su ba?"

"Ai Baba, kayan yanzu ba su da ƙarko."

"Haka ne. To na gaban fa? Rana ɗaya na saye su, a hannun mutum ɗaya."

Daga ranar makulli ya koma kwana a ƙarƙashin matashin Alhaji, shi kuma ɗan ya koma almajirin Shehin Waya.

Mai Musu

Da Golf yake zuwa, wani lokaci da Camry. An yi masa bayani har baki ya bushe: motarka da gaba take ja, kamar jaki da amalanke, inda jaki ya sa kai nan amalanke ke bi. Mai turi da baya kuwa kamar kura ce ta 'yan ga-ruwa, in ka ingiza ta da ƙarfi a kwana sai gindinta ya nemi wuce kanta, wannan wucewar ita ake nema. Bai yarda ba. Zai taho a guje, ya finciko birkin hannu, ƙugu ya ɗan goce, ya ba ta wuta, sai tayoyin gaba su ja ta ta miƙe sarai kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya fito yana buga ƙirji: "Ta yi! Ƙura ce ta hana ku gani." A kasuwa ma shi ne mai rantsuwa cewa ruɓaɓɓen tumatirinsa nuna ce ta yi masa yawa.

Sarkin Totur

A wurinsa ƙafar dama ba ta san tsakiya ba, ko dai sama ko dai ƙasa. Zamiya kuwa awo take so, kamar zuba manja a kwalba: ka ƙara kaɗan, ka rage kaɗan, kana jin motar a mazauninka. Shi sai ya taka kuloci, inji ya yi kururuwa, ya sake shi gaba ɗaya, ya danne totur har ƙasa. Mota ta yi katantanwa sau biyu, ta tsaya tana kallon inda ta fito, inji ya mutu. In ƙura ta lafa sai ka ga hannu ya fito ta taga: "Da gangan na yi!" Ba a jimawa lagireto zai fara tafasa, don inji na ta ihu amma iska ba ta shigowa ta hanci tunda a karkace ake tafiya. Sai a aiki yaro sayo fiya-wata. Wannan ne mutumin da ke ɗaukar tirelar tumatir guda bashi ranar da kasuwa ta cika, ya kuma ce da gangan ya yi.

Mai Ƙafar Tsoro

Ƙanen Sarkin Totur ne ta wajen asara, amma ta wata ƙofar yake shiga. Ya haddace darasi: in ƙugu ya fita dama, ka mayar da sitiyari dama, kada ka ɗage ƙafa gaba ɗaya, ka kafa ido inda kake son zuwa. Yana fara jin bayan mota ya yi sako-sako sai darasin ya bi iska. Ya ɗage ƙafa, ya taka birki, ya ja salati. Tayoyin baya su cafke ƙasa ba shiri, mota ta wulwula ta koma ɗaya ɓangaren da fushi. Filin nan ya fi filin ƙwallo biyu, bishiyar kashu ɗaya ce tak a cikinsa. Ita yake zura wa ido don kada ya buge ta, hannu kuwa bawan ido ne. Sau uku yana kai mata gaisuwa. Yanzu yara sun raɗa wa bishiyar suna surukarsa.

Ɗan Lissafi

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 wannan bawan Allah bai sake yin kwana da zuciya ɗaya ba. Kowane zagaye sai ya auna shi da kayan gwari: wancan juyin ya ci kwandon attaruhu, wannan hayaƙin rabin buhun albasa ne ya tashi sama. Shi ya gano cewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa mota ta fi saurin zamewa, ba ta buƙatar wuta da yawa, taya kuma ba ta cinyewa, don haka sai an yi ruwa yake fitowa. Lita biyu yake zubawa, ya yi zagaye uku, ya kashe inji, ya gangara da ita. Abin mamaki, ya fi su duka saurin koyo, domin wanda ya san kuɗin kuskure ba ya maimaita shi. Sai dai in mai ya ƙare a tsakiyar fili, mu 'yan kallo ne ke biyan sauran da ƙarfin turi.

Mai Kwalliya da Bakanikensa

Motarsa ta fi kowace kyau, ta fi kowace hutawa. Ya zaga Coal Camp a nan Inugu, ya je Mgbuka Obosi kusa da Anaca, har Ikoku ta Fatakwal ya aika a nemo masa fitila. Sitika a gaba, sitika a baya, da rubutun Japananci wanda bai sani ba ko tallan taliya ne. An yanke salansa, in ya tayar da inji awakin kasuwa sai sun miƙe tsaye. Shiga fili kuwa sai "an gama haɗa ta", kuma shekara biyu ke nan ana haɗawa.

Bakanikensa Ibo ne haifaffen Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta wasunmu karin magana. Duk abin da aka kawo masa amsarsa ɗaya ce: "Maigida, ba komai, ƙaramin aiki ne." Shi ya ba da shawarar a yi wa aksul walda, tayoyin baya biyu su riƙa juyawa tare, ba mai rigan wata. A fili dabara ce mai kyau. A cikin gari kuwa, tayar ciki ba ta samun sassaucin da take buƙata a kwana, sai ta dinga tsalle tana kuka. Ranar da Mai Kwalliya ya ɗauki Hajiyarsa zuwa barka, tun a kwanar farko ta dafa ƙofa: "Kai, tsaya. Motar nan akwai abin da ke damunta. A kai ta a yi mata addu'a."

Ɗan Biki

A kan wannan dariyata takan tsaya. Bai gama koyo a fili ba ya kai abin kan kwalta, ranar kai amarya, yara na gefen titi, abokai sun zazzauna a tagogi. A gida Arewa ma an sha zaman makoki a gidan da aka kafa rumfar biki saboda irinsa. A nan kuwa abin ya ninka, domin mu baƙi ne. In ya taka ɗan wani, ba za a ce wane ɗan wane ne ya yi ba, za a ce Hausawa ne. Sarkin Hausawa da dattawan kasuwa ne za su kwana suna zarya tsakanin 'yan sanda da masu gari, mai shayi da mai wankin takalmi da ba su taɓa riƙe sitiyari ba su kwana da ido ɗaya. Ɗan kuka ke nan mai ja wa uwarsa jifa. Samarin fili da kansu ba sa ba shi makulli, kuma wannan ne hukunci mafi hankali da na ga sun yanke.

Baba Direba

Yakan zo da buta da carbi ya zauna a kan tsohuwar taya, ba ya cewa uffan. Ya yi shekara talatin yana jan doguwar 504, irin wadda ake harhaɗawa a kamfanin Fijo na Kaduna da ya fara aiki a 1975, daga Kano ta Makurɗi da Otukpo da Obollo Afor zuwa Ninth Mile, ya gangaro Inugu. Wata Lahadi yara suka matsa masa. Ya gyara hula, ya shiga wata 504 da ƙofarta ke ɗaure da igiya. Babu kururuwar inji, babu finciko birki. Ya shiga kwana a hankali, ya ɗan ƙara mata wuta, ƙugu ya fita kamar an shafa masa man shanu, ya zagaye bishiyar kashu cif, ya miƙe ta, ya tsaya a inda ya tashi. Ko hular ba ta karkace ba.

Fili ya ɗauki sowa. Shehin Waya ya matso: "Baba, a ina kuka koyi dirif?"

"Yaro, mu ba mu san tana da suna ba. In damina ta yi, ka gangaro Ugwu Onyeama da fasinja cike, kaya a sama, bayan mota ya ce zai riga ka sauka, kamo ta kake yi a hankali, ka ci gaba da hira don kada mata su gane. Abin da na shekara talatin ina roƙon Allah Ya raba ni da shi, shi kuke sayen mai kuna nema."

Ya ɗauki butarsa ya nufi alwala.

Mai Taya

Saura mutum ɗaya, wanda bai taɓa shiga fili ba kuma bai taɓa fashin zuwa ba. Yana can gefe da tulin tayoyin gwanjo, da injin iska, da 'yar rediyo. Kowa ya yi katantanwa sai ya tafa masa, kowa ya fasa taya sai ya jajanta masa da fuskar tausayi, hannu kuma ya riga ya kai kan jak. Addu'arsa ga matasa ba ta yankewa: "Allah Ya ƙara basira, Allah Ya ƙara ƙwarin gwiwa." Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Da yamma, ana kakkaɓe ƙura, na same shi yana jera kuɗi, na ce, "Malam, kai da ka fi kowa daɗewa a nan, wa ya fi iya mota a filin nan?"

Bai ko ɗago ba. "Sarkin Totur mana. Yaron kirki, ɗan albarka. Taya biyu duk Lahadi."

"To Baba Direba fa?"

Ya tsaya da ƙirga, ya yi tsaki. "Rabu da wannan tsoho. Tun da na san shi, iska kawai yake sha a wurina."