Gemu Ba Ya Hana Motar Kara

Muna yara, da an gama yankan dawa masana'antarmu take buɗewa. Mu kwaso kara, mu ɓare ɓawon, mu yayyanka totuwar, mu yi ta soke wannan cikin wancan har babbar mota ta tashi, da tayoyinta na sakaina ko na tsohon silifa. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya koma ta langa-langa. Amma abin yana da lokacinsa. Da murya ta fara buɗewa ka bar wa ƙannenka. A garinmu in aka ga magidanci ya zauna yana haɗa motar wasa, ba mai tambayarsa komai, rubutu za a je a karɓo masa wajen malam.

Sai da karatu ya kai ni Ingila na gane ashe akwai inda gemu ba ya hana motar kara. Tasu dai a kwali take zuwa. Kana buɗewa za ka tarar da 'yan gutsattsarin roba ɗari biyu ko ɗari uku, maƙale a jikin sanduna kamar tsire, kowanne da lambarsa: shasi, inji, lagireto, sifirin, tankin mai, sitiyari, har gadon da direba ke kwana a bayan kujera. Kai za ka yanko, ka goge, ka manna, ka yi fenti. A Turai ma'aunin da aka fi so shi ne 1:24, wato duk santimita 24 na motar gaske ya koma santimita ɗaya. Kan mota mai mita shida sai ya dawo taƙi guda da ɗan ɗori, tirela sukutum mai mita 16 da rabi kuwa ba ta cika santimita 70 ba. Italeri na Italiya da Revell na Jamus su ke fito da su Scania da Volvo da MAN da DAF. Amurkawa, da yake ba sa son bin bayan kowa, nasu 1:25 ne, kuma tun 1969 kamfaninsu AMT ya fito da Peterbilt 359, mai dogon hancin nan.

Maƙwabcina ne ya ja ni ƙungiyarsu ta masu haɗa irin waɗannan motoci, wadda ke haɗuwa sau ɗaya a wata. Dariya na je yi, na dawo da kwali a hammata. Shekara uku na yi a cikinsu, abin da na karanta kuwa halin mutane ya fi mota yawa. Raba wa mutum goma kwali iri ɗaya, mota bakwai daban-daban za ka gani. Sauran ukun ba za su buɗe nasu ba.

Waɗannan ukun su ne masu rumbu. Mai rumbu ba ya haɗa mota, ajiyarta yake yi. Ƙarƙashin gado ya cika, saman sif ya cika, gareji ma an kori motar gaske waje tana shan ruwan sama don na kwali su samu wurin kwana. Wani ya ce mini yana da kwali wajen ɗari biyu, kuma in shekara ta yi albarka yakan gama biyu. Na buga masa lissafi a bayan takarda, shekara ɗari cif. Shi kuwa ya ba sittin baya. Ya dubi takardar, ya gyaɗa kai, ya ce shi ya sa yake son yin ritaya da wuri. Ranar ma da sabon kwali ya koma gida. Shigar da shi cikin gida kuwa wani ilimi ne mai zaman kansa: a bar shi a but sai uwargida ta yi barci, in kuma ta gani daga baya a ce, "Wannan? Ai ya daɗe a nan." A cikinsu akwai wanda ko ledar kwalin ba ya yagewa, wai darajarsa za ta faɗi. In marmari ya kama shi sai ya ɗauko, ya girgiza a kusa da kunne, ya ji ƙarar roba, ya mayar.

Sai mai ƙirga noti. Allah Ya raba ka da shi ranar da ka kawo motarka ta farko. Da tocila yake yawo, da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Ka yi wata huɗu kana wahala, ka ajiye motarka a tebur kana jiran a ce sannu, sai ka ga ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya yi shiru mai tsawo. Shirun ya fi maganar ciwo. Can sai ya ɗago.

"Ta yi kyau," in ji shi, kamar mai gaisuwar mutuwa. "Sai dai tiyon iskan birkin nan da ka yi wa ja da shuɗi, ai na Amurka ne. A nan ja da rawaya ne. Kuma tayar gaba noti goma ya kamata, naka tara nake gani."

Na ce ɗayan reza ce ta cinye. Ya ce motar gaske da noti tara ba za a bar ta ta hau titi ba. Na ce tawa ba inda za ta. Bai yi dariya ba. In kana so ka ga ya rasa numfashi, ɗaura bodin 1:25 a bayan kan mota na 1:24. Bambancin bai wuce kashi huɗu cikin ɗari ba, ido ba zai gani ba, amma shi fuskarsa za ta koma kamar wanda aka sa wa sukari a miyar kuka. Nasa aikin fa? Shekara huɗu yana kan inji ɗaya. Ya ja wayoyi sirara kamar gashi, ya saka kowane bututu inda littafin bakanike ya ce, sannan ya kifa kan motar a kai ya rufe ruf, ba mai sake gani har abada. Na tambaye shi amfanin haka, ya ce, "Ni na san suna ciki."

Kishiyarsa shi ne wanda sauri ya haifar wa nawa. Ya sayo kwali ranar Juma'a, ya rantse kafin Litinin sai mota ta tsaya. Takardar bayani ba ya karantawa, sai ya gama ya ga kujerun direba a gefe alhali ya riga ya manne rufi. Bai san gam ɗin nan narkar da roba yake yi ba, don haka duk motocinsa suna ɗauke da hoton babban yatsansa a gilashin gaba, kamar ya dangwala ƙuri'a. In ya ce bari ya yi dabara ya sa sufa-gulu, tururinsa ya bi gilashin ya yi fari fat, motar ta koma kamar tana cikin hazon hunturu ita kaɗai. Ba zan tsananta wa wannan ba, saboda wani dalili da zai zo a gaba.

Akwai gida biyu da ba sa ga maciji, 'yan ƙyalli da 'yan tsatsa. Ɗan ƙyalli amarya yake haɗawa. Salansa biyu tsaye suna walƙiya, bamba kamar madubi, fenti hawa-hawa an goge har kana ganin haƙoranka a jikin ƙofa. Safar hannu yake sawa kafin ya taɓa ta, kuma in ka matso kusa yana lura da inda numfashinka ke sauka. Ɗan tsatsa kuwa sai ya gama mota tsaf, ta yi kyau, sannan ya zauna ya lalata ta da gangan. Na ga yadda yake yi: ya shafa fenti mai kalar tsatsa, ya yayyafa ruwa, ya barbaɗa gishirin miya, ya fesa fentin gaske a kai, in ya bushe ya kankare gishirin da burushi, sai ga fenti ya ɓaɓɓare kamar motar ta shekara ashirin a rana. Ƙasa yake tankaɗewa da rariyar shayi ya yi laka. Baƙin mai ma sai ya ɗiga a inda inji ke yoyo. Wata rana na nuna masa hoton irin Marsandin nan da ke tashi daga Agadas su keta Tenere, kaya sun yi mata tsauni, jarkoki na reto a gefe, mutane a can ƙoli, fenti kuwa sai dai a ba da labari. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce wane gwani ne ya yi wannan aikin? Na ce hanya.

Mai kayan aiki ba sai an daɗe a kansa ba. Bindigar feshin fenti uku, hantsaki iri goma sha biyu, samfefa tun daga mai kaushi har wadda ta fi tafin jariri laushi, fitila mai wuya kamar ta ɗakin tiyata. Mota ce kawai babu. Kullum saura abu ɗaya ya saya ya fara.

Haka su ma 'yan rimot, masu motocin Tamiya na Japan, ma'aunin 1:14, waɗanda suka fara da King Hauler a 1993. Tasu tana tafiya, tana da giya uku, in an ƙara kuɗi har fitila da ƙugin inji. Za ka ga dattijo ya cije leɓe yana ribas da tirela tsakanin gwangwani biyu, jikansa na tsaye a gefe ya harɗe hannu, an ce masa kada ya taɓa, ba abin wasa ba ne.

Wuri ɗaya ne duk waɗannan suke zama daidai, wato ƙasa. Ko kai wane ne, wata rana za ka kama ɗan madubi da hantsaki, ka ji "tsit", ya yi tsalle. Daga nan sai rarrafe. Sun yi imani akwai wani dodo a cikin kafet da ba ya cin komai sai abin da babu madadinsa a kwali, kuma ban ga dalilin musa musu ba. Na ga tsohon akanta da tsohon malamin makaranta suna rarrafe a ƙarƙashin tebur ɗaya, suna haska wa juna tocila. Abin yakan fito, amma sai bayan ka yi sati kana sassaƙa wani da hannu.

Duk watan Nuwamba ana babban taronsu a garin Telford, wanda ƙungiyar IPMS ke shiryawa, ita kuwa tun 1963 aka kafa ta a Birtaniya. Jiragen sama da tankokin yaƙi sun fi yawa, 'yan manyan motoci suna gefe kamar dangin ango. A can za ka ga kowa da sana'arsa: mai rumbu na jan jaka biyu, mai ƙirga noti ya ƙarar da batirin tocila tun kafin azahar, matan aure na zaune wajen shan shayi da fuskar masu jiran layin asibiti.

Amma wanda ya fi zauna mini a rai wani tsohon direba ne a ƙungiyarmu. Yana cikin waɗanda suka riƙa jan kaya daga Ingila, su ratsa Turai da Turkiyya har ƙasashen Larabawa, a shekarun da wannan hanya ke ci. Yatsunsa kamar rogo, ga rawar hannu, ɗaukar noti guda yakan ci masa minti biyar. Mota ɗaya tak yake haɗawa, Volvo F12 ɗin da ya tuƙa. Labulen taga daga tsohon ɗankwalin marigayiya matarsa ya yanko. A bayan kujera ya sa 'yar butar shayi da ba ta kai ƙwayar masara ba. Ranar da ya kawo ta, mai ƙirga noti ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya yi shirunsa, ya ɗago ya ce bambar nan ta karkace ta hagu, kuma kamfani bai taɓa yin wannan mota da fitila a wancan wurin ba.

Tsohon ya kurɓi shayi. Ya ce, "Bambar ni na karkatar da ita, a bakin iyaka, da asuba, ina jin barci, na daki turke. Fitilar kuwa ni na ɗaura da hannuna, don ta kamfanin ba ta ganin jaki da dare."

Ban taɓa ganin an kashe tocila da sauri irin na ranar ba.

To, ni fa? Ni ne mai dangwala yatsa a gilashi. Tawa Scania ce, na kai ta rabi karatu ya ƙare, na naɗe ta a cikin riguna na taho da ita gida. Ina cikin fito da tsaraba ɗan ƙanwata ya hango ta. Ya juya ta, ya murza taya ya ji a manne take, ya leƙa gaba.

"Kawu, ina ake ɗaura igiyar?"

Na ce wannan ba a ja, kallo ake yi. Ya dube ni da tausayi, ya fita. Kafin la'asar ya dawo da ta kara mai taya shida, tana tafiya, har da buhunan ƙasa a baya. Hajiya kuwa tana kan tabarma tana kallon ikon Allah.

"Ɗan nan, abin da ka je ka karanto ke nan?"

Na gyara zama na ce, "Hajiya, ai ko kamfanin da ya riƙa harhaɗa Fiat a Kano, da na Steyr a Bauchi, aikin ke nan. Kaya su zo a wargaje, a bi takarda a haɗa."

Ta ce, "Su ana biyansu."

Motar tana nan a saman sif, an rufa mata tsohon rawani saboda ƙura. Taya biyar na manna, noti tara a ta gaba, madubin hagu kuwa har yau yana cikin kafet ɗin wani gidan haya a Ingila.